Naman Kirsimetin Keziya

Duk wanda ya saba tsayawa cin abinci a bakin titin Kalgo ya san rumfar Keziya Bulus, ko da bai san sunanta ba. Maman Damaris ake ce mata. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya, kuma in ta zuba maka shinkafa ba ta tambayarka ko ta isa, don ta san ta isa. Shekararta hamsin da takwas a bana. Direbobi da leburori suna yabon miyarta, amma tsofaffin Gwandu in sun tuna ta, ba miya suke tunawa ba.

A wani ƙauye kusa da Dabai a ƙasar Zuru aka haife ta, gidan manoma, kuma gidan Kirista tun kakanta. Ta auri Bulus, magini, mutum mai sanyin hali wanda in ya yi fushi sai ya ɗauki cebur ya fita. Sun yi shekara takwas kafin Allah ya ba su 'ya ɗaya, Damaris, daga ita kuwa ba su ƙara ba. A shekarar 2003 Bulus ya samu aikin gina azuzuwa a Gwandu. Suka taho da niyyar wata shida, suka kama ɗaki biyu a wani lungu bayan tasha, sai ga shi sun yi shekara goma.

Keziya ba mai zama ba ce. Ta kafa tukunya a bakin tasha, tana sayar da shinkafa da wake da safe, tuwo da rana. A lungunsu su kaɗai ne Kirista, amma hakan bai taɓa zama magana ba. Maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, Rahmatu, ita ta koya mata dafa shinkafar gida yadda ba za ta caɓe ba. Da Babbar Sallah nama yakan taru a gidan Keziya har sai ta soya ta shanya. Ita kuma tana da ranarta ta ramawa, wato Kirsimeti.

Kirsimetin gidan Bulus tun watan Yuni yake farawa. A lokacin ne Bulus zai hau babur ya je Masama wurin amininsa Sambo, wani Bafulatani makiyayi da ya taɓa gina wa rumbu, ya zaɓi ɗan rago ya bar shi cikin garke yana kiwo. Saura mako guda Bulus zai shafe ɗakunan da farar ƙasa, Keziya ta soya cincin ta cika bokiti biyu, Rahmatu ta yi wa Damaris kitso da lalle. Tela ya ɗinka musu atamfa iri ɗaya su uku, har da Bulus da yake jin kunyar sawa. Ran jajibere a kawo ragon, Malam Lawal mijin Rahmatu ya yanka shi a ƙofar gida kowa yana gani, don maƙwabta su ci hankali kwance. Da safiyar ranar, kafin su tafi ɗan cocinsu na bayan gari, su ukun sukan zauna kusa da kaskon garwashi saboda sanyi, suna shan kunun gyaɗa. A nan Bulus zai zaro kyautarsa daga aljihu. Kullum abu ɗaya ne, ɗankwali ga matarsa, takalmi ga 'yarsa, kuma kullum Keziya sai ta yi kamar ba ta zata ba. In sun dawo coci a zuba shinkafa da miya da nama a kwano goma sha huɗu, gida goma sha huɗu, ita da Damaris su rarraba.

A cikin gidajen nan akwai na Habibu mahauci. A wurinsa Keziya take sayen naman sana'arta shekara da shekaru. Wata rana a damina ta 2012 ya aiko mata da nama, ta buɗe ta ji wani wari da bai yi mata ba, launinsa kuma ya yi duhu. Ta ɗauka da kanta ta mayar masa a teburinsa, a gaban mutane.

"Malam Habibu, wannan naman ba lafiyayye ba ne. Ba zan dafa wa mutane shi ba."

"Ke za ki koya mini nama?" in ji shi. "Tun ba ki san hanyar Gwandu ba nike riƙe da wuƙa."

Ta ajiye masa ta juya, daga ranar ta koma saye wurin wani. Ita a wurinta magana ta wuce. Da Kirsimeti ya zo ma ba ta cire gidansa daga lissafin kwanukanta ba.

A shekarar Malam Lawal yana kwance ba lafiya. Sambo kuwa yana shirin tashi da shanunsa zuwa kudu neman ciyawa, sai ya ce wa Bulus ya zo Masama a yanka ragon a can, a feɗe, ya taho da nama. Haka aka yi. Sambo ya yanka da hannunsa, Bulus ya ɗauro naman a buhu a bayan babur, ya shigo lungu da la'asar. Habibu yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, ya bi buhun da kallo.

Washegari aka rarraba abinci kamar yadda aka saba. Keziya ta dawo ta zauna, ta kwance ɗankwali tana shan iska, sai aka yi sallama. Kwanon farko ne aka dawo da shi, a rufe, ba a taɓa ba. Ta ɗauka ko mutanen gidan sun yi tafiya. Sai na biyu, sai na uku. Waɗanda suka kawo ba sa haɗa ido da ita. Wani gidan ba su ma dawo da abincin ba, a bakin kwata suka juye shi, suka ajiye mata kwanon a ƙofa. Kafin la'asar kwano goma sha ɗaya sun dawo.

Rahmatu ce ta shigo ta gaya mata, tana haki.

"Maman Damaris, Habibu na ta faɗi a majalisa, wai naman da anka kawo maku cikin buhu na alade ne, daga Zuru. Wai shi mahauci ne, kallo ɗaya ya yi wa tsokar ya gane. Ya ce mi ya hana a yanka a ƙofar gida kamar kullum in ba ɓoyo ba?"

"Yaya Rahmatu, ke kin yarda?"

"Ni da ɗiyana mun cinye namu tas. Amma bakina ɗaya ne."

Bulus ya fita da kan ragon a hannu yana nuna wa mutane. Habibu ya ce kan rago ai ko'ina ana samu. Aka ce a kira Sambo, Sambo ya riga ya tashi da asuba, kuma ba shi da waya a lokacin. Mutane ba su zage su ba, ba su jefe su ba. Janyewa kawai suka yi. Bayan kwana biyu Keziya ta kafa tukunyarta a tasha, ta zauna tun safe har azahar, mutum uku suka saya, su ma baƙi ne. Ta yi mako uku tana dafawa tana mayarwa gida. Masu ba Bulus aiki suka fara cewa sai an neme shi. A makaranta yara suka sa wa Damaris suna, yarinya 'yar shekara sha huɗu ta ƙi fita. A watan Fabrairu mai gidan da suke haya ya zo, yana ta sunkuyar da kai, ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakunan.

Ranar da suka ɗora kaya a mota, Habibu yana dakalinsa yana wasa wuƙa. Keziya ta tsaya a gabansa. Bulus yana kiranta, ba ta waiwaya ba.

"Malam Habibu, ka dube ni da kyau. Da bakinka ka faɗa, kuma da bakin nan naka za ka warware, a lungun nan, ina tsaye."

Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kalgo suka nufa, don a lokacin ana ta gine-gine a can. Sambo ya dawo da damina, ya ji labari, ya je Gwandu ya rantse a gaban mutane cewa shi ya yanka ragon. Wasu suka ce ashe, wasu suka ce ai aboki ba ya tona aboki. Ba wanda ya tako zuwa Kalgo ya ce a yi haƙuri sai Rahmatu.

Bulus bai ƙara komawa daidai ba. Yana aiki, yana ci, amma ya rage magana. Mutum ne da ya ɗauka ya yi 'yan'uwa a Gwandu, abin ya tsaya masa a ƙirji. Hawan jini ya kama shi. A watan Maris na 2015 ya faɗi a wurin aiki da bulo a hannu, aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, ya kwana huɗu ya cika. Likita ya ce jini ne ya hau masa kai. Keziya ta saurari likita har ya gama, amma ita ta san sunan abin da ya kashe mijinta, kuma ta san ƙofar gidansa.

Dangi suka ce ta dawo Zuru. Ta ƙi. Zuru ta yi nisa da Gwandu.

Ta riƙe sana'arta da hannu biyu. Daga tukunya ɗaya ta kai huɗu, ta ɗauki mata biyu suna taya ta, ta sa Damaris a makarantar koyon aikin jinya. Nama kuwa ba ta yarda a aiko mata. Da kanta take zuwa mahauta da sassafe, ta tsaya a yanka a gabanta, tana tambayar tsofaffin mahauta komai: yadda ake gane dabbar da ta sha allura, yadda hantar mai ciwo take, yadda naman mushe yake bambanta da na yanka. Suna ganin tsabar tsabta ce, suna yaba mata, suna koya mata.

Kirsimeti kuwa ya zama na mutum biyu. Za ta yanka kaza, su ci ita da 'yarta, ba kwano ɗaya da zai fita ƙofa. Maƙwabtanta na Kalgo mutanen kirki ne, suna aiko mata naman Sallah, tana karɓa tana godiya, amma ba ta ramawa da dafaffe, sai dai sabulu ko gishiri. A coci tana zuwa kan lokaci, tana cikin zumuntar mata, tana waƙa. Sai dai in ana addu'a tare aka zo inda ake cewa mun gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta rufe bakinta har a wuce wurin. Damaris ta lura, ta yi mata magana.

"Mama, shekara nawa ke nan? Baba ma da yana nan da ya ce ki bari."

"Shi ya bari, kin ga inda ya kai shi. Ni ba zan yi wa Allah ƙarya a ɗakinsa ba. Ban yafe ba."

Sambo bai yanke zumunci ba. Duk bayan wata biyu ko uku yakan biyo ta Kalgo da man shanu a kwalba, ya zauna ta zuba masa tuwo. A bakinsa ta ji abin da take nema. Ya ce Habibu yana zagaya rugage a Malisa da Ceberu da Masama, in saniya ta faɗi ba a kai ga yanka ta ba, sai ya bayyana ya ce fata kawai yake so. Makiyayi ya ba shi ya juya, shi kuwa ya kwashe har naman.

"Kowa ya sani cikin daji, Inna," in ji Sambo. "Amma ba a taɓa kama shi da shi a hannu ba. In ya shigo gari ya gauraya da na kirki, wa ka ganewa?"

Keziya ta ajiye ludayi.

"Baffa Sambo, in an kawo maka kan saniya da ƙafafunta, za ka gane ta wane garke ce?"

"Ko cikin barci. Kowane gida da tsagar kunnensa."

Daga nan ta fara shiri. Akwai wani direba, Zayyanu, da yake jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, yana cin abinci a wurinta kullum. Ta roƙe shi ya je wa Habibu a matsayin ɗan aiken wani mai gidan abinci a Birni, ya ce ana son naman saniya guda cur ran 24 ga Disamba, da arha sosai, ba a damu da kyau ba, amma lalle a haɗo da kai da ƙafa don farfesu. Ta faɗa wa Zayyanu gaskiyar dalilinta, shi ma ya ce ya taɓa kwana uku yana gudawa bayan tsiren Habibu, ya yarda.

A shekarar farko, 2020, tarkon bai kama ba. Habibu ya kawo wa Zayyanu naman wata tsohuwar saniya ramammiya, amma yankakkiya ce halal. Keziya ta juya naman ta sake juyawa, ta duba wuya, ba abin da za ta ce. Ta karɓa, ta ba matan coci suka raba, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Damaris ta ce to Allah ya nuna mata ta haƙura. Keziya ta ce abin da Allah ya nuna mata shi ne Habibu ya saba da Zayyanu, baɗi ba zai yi shakkarsa ba.

Shekarar da ta biyo wani ciwo ya shiga shanu a yankin bayan kaka, suna ta faɗuwa. Zayyanu ya koma ya yi irin maganar bara. Sambo ya sa ido. Ran 23 ga wata da yamma wayar Keziya ta yi ƙara, Sambo ne, don yanzu ya yi waya.

"Inna, saniyar ƙanena Aminu ta mutu da hantsi, ba a samu yanka ta ba. Munka ja ta bakin rafi. Habibu ya zo da azahar ya ce fata. Aminu ya laɓe ya ga ya ɗora ta duka a amalanke."

Keziya ta ce masa su same ta gobe da safe a ƙofar gidan Rahmatu, shi da Aminu. Ta kira Zayyanu ta ce ya gaya wa Habibu motarsa ta lalace a lungun bayan tasha, a kawo naman can. Ta kira Rahmatu, wadda tuni ta san komai, ta ce Malam Lawal ya gayyato sarkin pawa da duba-gari, ya ce akwai abin da ake so su gani da idonsu.

Da gari ya waye ta yi wanka, ta sa atamfarta mafi kyau, ta shiga motar farko. Shekara tara rabonta da Gwandu. Lungun yana nan yadda ta bar shi, sai dai an yi wa tsohon gidansu fenti. Ta shige zauren Rahmatu ta zauna a bayan ƙofa, inda take ganin waje ba a ganinta. Abin da ta ji kawai yunwa ce, don ba ta karya ba.

Wajen ƙarfe tara Habibu ya shigo lungun da baro, an rufe da buhu. Ya yi furfura, ya yi tumbi. Ya ga motar Zayyanu, ya ga mutane zazzaune a tabarmar Malam Lawal, har da sarkin pawa, ya ɗan ja baya, amma ba hanyar juyawa. Zayyanu ya yaye buhun. Aminu ya miƙa hannu ya ɗago kan saniyar, ya kama kunnen.

"Wagga tawa ce. Ga tsagar gidanmu. Jiya da hantsi ta mutu, ba wuƙar da ta taɓa ta."

Habibu ya fara rantsuwa, ya ce a kasuwa ya saye ta da ranta. Sai Keziya ta fito. Ta durƙusa ta gaida sarkin pawa, sannan ta ja baron gabansa, ta nuna masa wuyan.

"Ranka ya daɗe, kai ne masani. Dubi wurin yankan, sumul, ba inda jini ya tsartu. Dubi jijiyoyin nan, jini ya daskare a ciki baƙi ƙirin. Ga haƙarƙarin gefen da ta kwanta a kai, ya yi jawur. Ni dai mai dafa abinci ce, a gaya mini in na yi kuskure."

Tsohon ya sa hannu ya taɓa, ya sansana, ya goge yatsunsa a ƙasa.

"Mushe ne," in ji shi.

Sai a lokacin Habibu ya gane ta. Bakinsa ya buɗe. Mutane sun fara taruwa, mata suna leƙe ta katanga, waɗanda suka sha cin namansa suna tofar da yawu. Ya zube a gaban sarkin pawa, sannan ya juyo gare ta.

"Maman Damaris, don girman Allah ki rufa mini asiri. Ina da iyali."

"Ni ma ina da shi lokacin," in ji ta. "Tashi tsaye. Kai mahauci ne, kallo ɗaya kake yi wa tsoka ka gane ta. Gaya wa mutanen nan naman mene ne mijina ya shigo da shi a buhu shekara tara da suka wuce."

Ta jira.

"Rago ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Na can bayan ma ba su ji ba."

"Rago ne! Ban ma ga naman ba, buhu kawai na gani. Haushin abin da kinka yi mini a kasuwa ne."

Wata tsohuwa daga cikin waɗanda suka juye abincinta a kwata ta fara salati. Malam Lawal ya yi gyaran murya ya ce to alhamdu lillahi, gaskiya ta fito, tunda ya amsa laifinsa a binne naman a bar maganar a nan, gobe ma ranar bikinta ce, ranar yafiya. Mutane da yawa suka ce haka ne. Duk suka zuba mata ido.

Keziya ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta san kowa, ta san kwanon da ta kai gidan kowa.

"Malam, na gode, kai da Yaya Rahmatu ba ku taɓa juya mini baya ba. Amma ban yafe ba. Bulus yana kabari. Ga duba-gari nan, ga sarkin pawa, su yi aikinsu."

Suka yi. Aka kai naman bayan gari aka zuba masa kananzir aka ƙone, Keziya tana tsaye har ya zama toka. Sarkin pawa ya karɓe wuƙaƙen Habibu a gaban jama'a, ya ce ba shi ba yanka a ƙasar nan. Duba-gari suka tafi da shi, daga baya kotu ta ɗaure shi wata shida. Matan lungu suka biyo ta zauren Rahmatu suna ba ta haƙuri, wata har da kuka. Ta amsa gaisuwarsu, ta tambayi 'ya'yansu, amma da suka ce ta tsaya a dafa mata abinci sai ta ce tana da aiki a gida. Kunun Rahmatu kaɗai ta sha.

Ta iso Kalgo da azahar. Damaris, wadda a lokacin ta fara aiki a wani asibiti, ta zo hutu, tana soya cincin. Keziya ta ba ta labari tun daga farko har ƙarshe ba ta rage komai ba. Damaris ta kashe wuta ta zauna.

"Matarsa Hafsat fa, Mama? 'Ya'yansa bakwai. Su me suka yi?"

"Ke me kika yi lokacin da aka hana ki zuwa makaranta?"

"To yanzu kin ji daɗi?"

"Na ji," in ji Keziya. "Ƙwarai kuwa."

Washegari ta yanka kaji uku maimakon ɗaya. Ta yi dafa-duka, ta yi zoɓo da abarba, ta ci ta ƙoshi har ta kwance zani, ta yi barcin rana mai nauyi irin wanda ta manta da shi. Da yamma 'yan zumuntar mata suka zo suna waƙa, ta tashi ta taka rawa, abin da ba wanda ya taɓa gani a Kalgo. Fasto ya ji labarin, ya zo bayan kwana biyu ya yi mata doguwar nasiha. Ta ba shi kujera, ta kawo masa cincin, ta saurara. Da ya gama ta ce ta ji, ya ci gaba da yi mata addu'a, wataƙila wata rana.

Habibu ya fito daga gidan yari ya tafi Ibadan dakon albasa, ya yi shekara biyu, ya dawo da ciwon baya. Manyan 'ya'yansa suka bar makaranta suka kama acaɓa. Damaris, wadda ta yi aure ta haifi 'ya mace, takan aika wa Hafsat da magani ta hannun Rahmatu. Keziya ta sani, ba ta hana ba, ba ta kuma tambaya.

A watan Disambar bara ta je Gwandu sayen albasar biki, don ta ce ta can ta fi ta ko'ina. A bakin kasuwa ta gan shi zaune a ƙasa, ya kasa 'yar albasa kashi-kashi a kan buhu, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ɗago ya gan ta.

"Sannu da zuwa, Maman Damaris."

"Yauwa, Malam Habibu. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ta matsa taku biyu zuwa wurin mutumin da ke kusa da shi. Ta sa aka zazzage mata buhu uku tana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, tana hira da mai albasar kan ruwan bana. Da ta gama aka ɗora mata a baro, ta gyara ɗaurin zaninta, ta wuce tasha ta nemi motar Kalgo.